Alkyabbar Maigari Amadu

Litinin, 8 ga Afrilu, 2002, bayan La'asar

Alhamdu lillahi, Shugaban makaranta ya yarda. Za mu yi wasan kwaikwayon ranar raba kyaututtuka, kafin 'yan aji shida su shiga jarrabawar fita. Ya kafa sharaɗi: ba kiɗa, kuma ba mace a dandali tare da maza, domin 'yan kwamitin Shari'a na gari za su zauna a sahun gaba. Na ce na ji. Barakatu za ta karanta maganar matar sarki daga bayan labule, muryarta kawai za a ji.

Littafin yana cikin manhajarsu: labarin wani jarumi da ya ci amanar sarkinsa ya hau gado, daga ranar bai sake yarda da kowa ba har ya hallaka. Tun zangon farko nake karanta musu shi da Turanci suna kallona kamar mai tallan magani a kasuwa. Da na mayar da shi Hausa na raba musu, yau har an kaɗa ƙararrawar tashi ba wanda ya motsa. Wallahi don irin wannan ranar na zaɓi koyarwa.

Ikrima na ba azzalumin sarkin. Ba wanda ya kama ƙafarsa a ajin, a wasa ko a karatu. In yaron nan ya zauna jarrabawa, jami'a zai tafi, kuma shi ne zai zama na farko daga makarantar nan.

Laraba, 10 ga Afrilu, lokacin hutun tara

Malam Zailani ya same ni a ofishin malamai. Abokina ne tun muna kwaleji a Katsina, yanzu shi ne mataimakin Shugaba, kuma 'yar Maigari Dabo yake aure. Ya ce, "Nu'uman, duk yaran ajin ba ka ga na ba sarauta ba sai ɗan marigayi?"

Na ce, "Ɗan marigayi ba ɗalibi ba ne?"

Ya ce, "Kai ɗan birni ne. Kun saba ganin fada daga nesa."

Na san dai abin da kowa ya sani. Mahaifin Ikrima, Maigari Amadu, ya rasu kafin a turo ni garin nan daga Daura, aka naɗa ƙaninsa Dabo. Yadda ya rasu ɗin ne ba mai faɗa. In ka tambaya sai a ce maka kwana ne ya ƙare, a canza magana.

Na ce wa Zailani wasa ne. Ya yi dariya ya ci mini ƙosaina.

Asabar, 13 ga Afrilu, da yamma

Gwajin wasan da muka yi yau ya yi kyau ƙwarai. Ikrima ya ƙirƙiro wa sarkin wata ɗabi'a da ba ta cikin littafi: kafin ya yi magana sai ya yi gyaran murya, ya shafi kunnensa na hagu, ya dubi bayansa kamar an kira shi. Yara suka fashe da dariya har wasu na kwanciya a ƙasa. Na tsayar da su na ce, "Kun gani? Wannan shi ne mutumin da tsoro ya cinye. Ikrima ya fahimci littafin nan fiye da wanda ya koya masa." Suka ƙara fashewa. Ban gane abin dariyar a maganata ba.

Saura kayan sarki. Na ce ko zanin gado ne mu yafa masa. Ikrima ya ce in bar masa wannan.

Talata, 16 ga Afrilu, bayan Magariba

Ya kawo alkyabba a cikin buhun taki. Baƙa ce, tsohuwa, da aikin zare mai ruwan zinariya a ƙirji, tana ƙanshin turaren wuta. Na ce, "Ina ka samo wannan?" Ya ce a gida. Ni da kaina na yafa masa, a filin ƙwallo, inda duk mai wucewa zuwa kasuwa yake gani. Yaran da ke yin fadawa suka zube a gabansa, suka ɗaga hannu suna jinjina, suna "Ranka ya daɗe." Haka na rubuta musu su yi.

Wasu dattawa biyu a kan keke suka tsaya a bakin shingen waya. Ɗaya ya sauka ya cire takalminsa. Na ɗauka ƙaya ya taka.

Na taho da alkyabbar gida don kada ɓera ya taɓa ta a ma'ajin makaranta.

Laraba, 17 ga Afrilu, da safe

Mai shayi bai amsa gaisuwata ba.

Laraba, bayan Azahar

Shugaba ya kira ni ofis, Zailani na zaune a gefe yana duban farcensa. Wai labari ya cika gari cewa malamin Turanci ya naɗa ɗan Amadu a filin makaranta, har an yi masa mubaya'a.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wasa ne. Kai ka ba da izini."

Ya ce, "Izinin wasa na bayar. Ban ba da izinin alkyabbar gidan sarauta ba."

A nan na ji tarihinta. Ta kakan su Ikrima ce, ba mai yafa ta sai wanda aka naɗa, kuma duk wanda aka zube wa yana sanye da ita, a wurin mutanen garin nan ya zama Maigari, ko da a mafarki ne. Tun ranar naɗin Dabo ake nemanta. Uwar Ikrima, Hajiya Maiturare, ta ce ta ɓace cikin hidimar makoki. Shekara uku ke nan Dabo yana fita Idi da alkyabbar da ya saya a Kano, mutane na kallo suna yin shiru.

An soke wasan. Wannan na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne na biyu: an dakatar da Ikrima, kuma katinsa na shiga jarrabawa zai zauna a aljihun teburin Shugaba har sai fada ta huce. Ranar shida ga Mayu za a fara.

Na dubi Zailani, bai ɗago ba.

Juma'a, 19 ga Afrilu, bayan an sauko

Liman ya yi huɗuba a kan masu koya wa 'ya'yan Musulmi raina shugabanni da littattafan da ba a san asalinsu ba. Bai kama suna ba. Wanda ke kusa da ni a sahu ya ja jikinsa har iska na wucewa tsakaninmu.

Munafukai. Rabinsu a bayan idon Dabo ba abin da ba sa faɗa.

Asabar, 20 ga Afrilu, da hantsi

Na je gidan marigayi da nufin mayar da kayan mutane. Hajiya Maiturare ta yi mini magana daga bayan ƙofar zaure.

"Malam, ka zo da ita?"

"Tana gida, Hajiya. Na zo in ji yadda zan kawo ta ba a gani ba."

"Kada ka kawo. Jiya an aiko daga fada an birkice mini ɗaki har ƙarƙashin gado, wai neman ɓarawon akuya suke. Kai baƙo ne, ma'aikacin gwamnati, ba za su shiga ɗakin matarka ba. Ka riƙe mini ita amana."

Na ce, "Hajiya, jarrabawar yaron nan fa?"

Ta ce, "Ubansa ya tafi gaisuwa da ƙafarsa, aka dawo mini da shi a kan ƙyaure. Gona sun karɓa, doki sun karɓa. Ita kaɗai ta rage da hannunsu bai taɓa ba. Ka ce ka riƙe."

Na ce na riƙe. Ta ce in ce wallahi, na faɗa.

Ikrima ya rako ni bakin hanya. Na tambaye shi ko da sanin uwarsa ya ɗauko. Ya ce a'a. Na ce don me? Ya ce, "Malam, kai ka ce sarki yana bukatar kayan sarki." Yana maganar yana kallon cikin idona.

Litinin, 22 ga Afrilu, bayan tashi

Wani ne ya kai labarin nan fada da ƙarin gishiri. Dattawan keke sun ga alkyabba, amma wa ya ce an yi mubaya'a? Wa ya ce ni na shirya? Na tsare 'yan ƙungiyar wasa a aji, na rufe ƙofa, na ce ba mai fita sai na san bakin da ya yi aikin. Rana na dukan kwano, aji kamar tanda. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Barakatu, wadda yayarta ke aure a gidan wani bafade, ta rantse har tana kuka. Na ce kuka ba hujja ba ne.

Ba wanda ya amsa laifin. Na sallame su bayan La'asar ta wuce. Daga yau ba zan ƙara yin darasin yamma kyauta ba. Su je fada ta koya musu.

Talata, 23 ga Afrilu

Zailani ne. Ba sai an faɗa mini ba.

Alhamis, 25 ga Afrilu, da yamma

An kira ni fada. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa inda aka nuna mini. Aka bar ni a nan har ƙafata ta mutu, fadawa na hirar farashin gero a kasuwar Mai'aduwa kamar ba mutum a gabansu.

Da Maigari Dabo ya tashi magana, sai ya yi gyaran murya, ya shafi kunnensa na hagu, ya dubi bayansa.

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Ashe abin da yara ke wa dariya ke nan. Ashe ni ne na tsaya a gaban aji ina yabon yadda aka kwaikwayi Maigari, har ina cewa tsoro ya cinye shi.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, an ce kana da ilimi. Ikrima ɗana ne, ni na yanka ragon sunansa. Ba na son karatunsa ya lalace. Amma akwai kayan gidanmu a hannunka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kayan wasa na makaranta ne a hannuna."

Wani bafade ya ce, "Gyara kalamanka, malamin boko!"

Dabo ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Bar shi. Baƙo ne, idonsa manya amma ba ya ganin gari. Malam, ran da kaya suka dawo gida, ran nan yaro zai koma aji. In ba su dawo ba, akwai 'yan uwanmu a hayin iyaka da ke neman mai taya su kiwo. Ka gaida iyali." Ya sake duban bayansa. Ba kowa a wurin sai bango.

Juma'a, 26 ga Afrilu, da safe

Yaron nan ya yi amfani da ni. Ya san abin da alkyabbar take nufi, ya san hanyar kasuwa ta bi ta gefen filin, ya bar ni na yafa masa da hannuna. Shekara biyu ina ba shi littattafaina, ina gyara masa rubutu a ranakun hutu. Ko a fuska bai nuna mini ba.

To in ya ga dama ya je ya yi kiwon. Ina ruwana.

Juma'a, bayan La'asar

Na ɗauko takardun gwajinsu in yi maki. Tasa ce ta uku. Tambayar ita ce me ya sa sarkin ya kashe amininsa. Ya rubuta cewa wanda ya shiga gida ta katanga ba ya iya barci in ya ji motsin ƙofa, ko da iska ce. Na karanta na ajiye jan biro. Ban iya ci gaba da sauran ba.

Lahadi, 28 ga Afrilu, da rana

Mai gidan haya ya aiko wai yana bukatar gidansa bayan Sallah, ɗansa zai yi aure. Ɗan nasa yana aji biyu a makarantarmu.

Na canza wa buhun wuri, daga bayan akwati zuwa cikin rufin ɗaki. Matata Adawiyya ta dawo daga rijiya na tambaye ta da wa ta tsaya, me aka tambaye ta, me ta ce. Ta sauke tulu ta dube ni. Ta ce, "Malam, yau har ni?" Ta shiga ɗaki. Ba ta zuba mini abinci ba, sai ta aiko da shi a rufe.

Talata, 30 ga Afrilu, lokacin hutun tara

Zailani ya tare ni a bayan ɗakin gwaje-gwaje.

"Ka daina gaishe ni ko?"

"Ina gaida surukan sarki? Ai sai da iso."

"Ka ji bakinka. Wallahi ba ni na kai ba. Da ni ne, da tun ranar Laraba ta farko zan kai, kafin ka kunyata kanka. Na faɗa maka, ka ce wasa ne."

"To me kake so?"

"Ka kai masa tsummansa. Kai kana ganin mugu ne kawai. Ni da nake shiga gidan na san mutumin nan ko furar matarsa ba ya sha sai wani ya fara kurɓa. Ba zai huce ba, Nu'uman, don ba fushi yake ba. Tsoro yake ji. Yaro kuma saura kwana kaɗan."

Na ce amana ce. Ya ce, "Yaron ba amana ba ne?" Na ce ya je ya faɗa wa wanda ya aiko shi. Ya ce Allah ya shirye ni, na ce ya shirye mu duka.

Ko gaskiya ya faɗa, ba daga bakinsa nake son jin ta ba.

Laraba, 1 ga Mayu, da yamma

Ba makaranta yau. Na sami Ikrima a gonar kawunsa na wajen uwa yana sharar gona. Na ce masa akwai hanyar da zai zauna jarrabawa. Ya gane tun ban ƙarasa ba.

Ya ce, "Malam, in don ni ne, kada ka yi. Na yafe jarrabawar."

Na ce, "Ba taka ba ce kai kaɗai da za ka yafe. Ka san shekara nawa makarantar nan ta yi ba ta tura kowa jami'a ba?"

Ya ce, "Ka san shekara nawa Hajiya ta yi tana kwana da ita a ƙarƙashin kai?"

Na ce shi ya fito da ita, ba ni ba. Ya ce ya sani. Ya ce so yake mutane su gan ta sau ɗaya a jikin jinin mai ita, kuma sun gani, ya ishe shi. Na ce yaro ne, bai san abin da yake zubarwa ba. Ya ce, "Kai ka koya mana cewa wanda ya ci amana sau ɗaya ba ya tsayawa." Na ce kada ya kuskura ya karanta mini littafina. Na hau babur na taho.

Mai taurin kai, ɗan mai taurin kai. Bana in jarrabawar ta wuce shi, baɗi yana bayan shanu a Nijar, kuma ba mai sake jin sunansa.

Alhamis, 2 ga Mayu

Na bi ta ƙofar gidan Hajiya. Ban tsaya ba.

Juma'a, 3 ga Mayu, bayan Azahar

Zafi ya yi yawa. Hadari ya taso ta gabas ya watse.

Asabar, 4 ga Mayu, da yamma

Na fita da safe, na dawo kafin Azahar. Adawiyya ta ga ƙurar rufi a rigata, ta ɗaga kai ta dubi sama, sannan ta ci gaba da aikinta.

Mai shayi ya gaishe ni har da tambayar iyali. Allah ya isa tsakanina da garin nan.

Lahadi, 5 ga Mayu, bayan La'asar

Shugaba ya aiko da katin jarrabawar Ikrima gidana, wai ni ya kamata in kai. Na ba Barakatu ta kai, don gidansu na kusa. Ta karɓa da hannu biyu, ba ta dube ni ba.

An ce Hajiya Maiturare ta fito har ƙofar zaure da rana tsaka, abin da ba ta yi ba tun da ta fita takaba. An ce ba ta yi kuka ba, sunana kawai ta tambaya, cikakke, da na mahaifina.

Ban sani ba ko Ikrima zai zo gobe.

Litinin, 6 ga Mayu, bayan Azahar

Ya zo. Shi ne na ƙarshe da ya shiga, ana shirin rufe ƙofa. Na leƙa ta taga na ga ya sunkuya yana rubutu, bai ɗago ba har aka ce a ajiye biro.

Na jira shi a gindin darbejiyar bakin ƙofa. Na yi niyyar in tambaye shi wace tambaya ya zaɓa. Ya zo ya tsaya nesa da ni kaɗan, bai rusuna ba.

Ya ce, "Hajiya ce ta ce in zo. Ta ce tunda an riga an biya, kada a yi asara biyu."

Na ce ta yi daidai.

Ya ce, "Malam, abu ɗaya zan tambaye ka. Miƙa masa ka yi, ko kai ka yafa masa?"

Na ce ya tafi gida ya duba lissafi, jibi ne. Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sannan ya juya ya bi hanyar kasuwa.

Ranar Asabar da na kai alkyabbar fada, Dabo ya ce wanda ya yafa wa ɗa a gaban jama'a, shi zai yafa wa uba a gaban jama'a. Kafaɗunsa ba su kai na yaron faɗi ba. Tana ta zamewa, sai da na tsaya a bayansa na riƙe masa wuyanta har fadawa suka gama zubewa.